Akwatin Kifin Baba Hedley

Sansanin ma'aikata, arewacin Alberta
Satumba

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya. Yaya ƙugun naka? Yaya sabon wuri? Ni lafiyata lau, sai dai tsayuwa a gaban murhu. Garken maza nake ciyarwa safe da yamma, kowanne kuma ci yake kamar gobe za a hana. Sanyi ya fara leƙowa nan, na san ku ma yana hanya.

Na yi ta kiran wayarka har na gaji. Na san ba ji kake yi ba, injin jirgin kamun kifi ya gama da kunnuwan nan tun ina makaranta, amma Selby ɗan Baffa Leander ya ce mini zare wayar ma ka yi daga bango ka jefa a kabad. To shi ke nan, ka yi nasara, mun koma biro da takarda.

Selby bai so ya gaya mini sauran ba, ni na matsa masa. Ya ce ya same ka da rana tsaka a kan kujera, labule a rufe, miyar da matarsa ta aiko tana nan yadda aka kawo ta. Ya ce kuma ka tambaye shi yaushe zai mayar da kai garinmu Tern Cove, ba don duba gida ba, don zama. Baba, ai mun gama wannan magana. Ranar da ka faɗi a kan kwatar jiragen ruwa, ba don mai raba wasiƙu ya biyo ba, da yanzu wani zancen ake yi. Da hunturu babu kowa a garin nan sai iska, hanya kuma sai ta yi kwanaki a toshe. Tun da Mama ta rasu ba ni da kowa sai kai. Ba zan iya juya tukunya a nan ina tunanin kana kwance a ƙasa ba mai ɗaga ka ba.

Na san abin da ke cin ranka. Duk tsawon rayuwarka ruwa kake fara gani in ka buɗe ido, yanzu an ba ka taga mai kallon wajen ajiye motoci. Teku dai ba za ta shiga ambulan ba, da na aiko maka. Amma a ɗakin cin abincinmu akwai wani akwatin gilas da aka kafe a bango kamar hoto, da ruwa da ƙananan kifaye a ciki. Ƙattin nan da ba sa iya magana ba zagi, sai ka ga sun zauna gabansa shiru da kofin shayi. Na yi magana da wani shago a can Grand Falls ɗinku, sun san da zuwanka. Ka sa Selby ya kai ka ka zaɓi wanda ya yi maka. Na bango nake so, don ɗakin ba fili, kuma ba na son abin da sandarka za ta yi karo da shi.

Kada ka ce a'a tun kafin ka gani. Kuma ka ci abinci.

'Yarka,
Verna

Grand Falls
Ƙarshen Satumba

Verna 'yata,

Na ga takardarki, na gode. Ƙugu yana nan, yana gaishe ki. Likita ya ce yana warkewa, ni kuwa na ce masa shi ba a jikinsa yake ba. Selby kuma bakinsa ya fi ƙofar coci faɗi, zan gamu da shi. Miyar nan gishiri ne babu, shi ya sa ban sha ba.

Na karanta zancen akwatinki har sau biyu don in tabbata ba idona ba ne. Yarinya, shekara hamsin ina fitar da kifi daga ruwa. Da kifi na gina gida, da shi na kai ki makaranta, da shi na saya wa uwarki injin ɗinki. Yanzu da tsufana ni zan koma yi wa kifi hidima, in ba shi abinci, in share masa ɗaki? In Leander ya ji wannan a kabarinsa sai ya tashi zaune don dariya.

Amma na je, don kada a ce na yi miki kunnen ƙashi. Matar shagon ta nuna mini kifayen, wasu 'yan mitsi-mitsi masu wutsiya kamar mafici, ko a ƙugiya ba zan sa su ba. Na ce mata, "Baiwar Allah, waɗannan guda nawa ke cika kaskon suya?" Ba ta yi dariya ba. Selby ya yi ta taka mini ƙafa, ƙafar mai ciwon kuma.

Ta fara kawo wani mai zagaye, kamar an raba ƙwallo biyu an manna a bango. Na ce ta mayar. Ruwansa bai fi na butar shayi ba, kifi zai yi ta juyi a wuri ɗaya har ya haukace. Ta kawo wani dogo siriri, kyakkyawa, amma da na gwada sa hannu ta sama bai shiga ba. Abin da hannu ba ya shiga ba ya wankuwa, wannan ko a jirgi haka yake. Na ukun shi na tsaya a kansa. Tsawonsa ya kai buɗin hannuwana, faɗinsa kamar taƙi guda, murfinsa yana ɗagawa gaba ɗaya, da fitila a cikin murfin. Na bi gaɓoɓinsa da babban yatsa kusurwa-kusurwa, yadda nake bin cikin jirgi kafin a tura shi ruwa, ban ji rami ba. Ƙarfen da zai riƙe shi a bango ma mai kauri ne. Wanda ya yi shi ya san aiki, wannan na ba shi.

Matar ta ce in an cika shi nauyinsa zai kai buhun gishiri biyu. Na dawo na dubi bangon nan nasu, na ƙwanƙwasa. Verna, wannan ba bango ba ne, kwali ne aka shafa wa fenti. Sai da na je wurin mai kula da ginin neman izinin huda shi, mutumin nan da ya hana ni shigowa da fitilar uwarki wai ita ta kananzir ce, za ta ƙona musu gini. Shekara arba'in tana ci a gidan katako ba ta ƙona ko labule ba. Ya dai yarda da hudar, bayan ya gama iyayinsa.

Akwatin yana nan a kwalinsa, jingine da gado. Ban ce zan kafa ba, na ce dai na zaɓa. Zancen komawa gida kuma ban janye ba.

Ubanki,
Hedley Keeping

Alberta
Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa. Na ji daɗin takardarka har na karanta wa abokiyar aikina wajen kaskon suya, ta ƙware da shayi. Na ƙone a hannu da mai, amma ba wani abu ba ne, ya fara bushewa. Ka gaida ƙugu, ka ce masa ya bi maganar likita ko da mai shi bai bi ba.

Na zauna da mutumin da ke kula da namu akwatin, ya yi mini bayani tiryan-tiryan. Ka karanta a hankali, don na san halinka.

Cikin kwalin nan da kake rainawa akwai katakai a tsaye, kamar haƙarƙarin jirgi. Su za ku nemo, a cikinsu ƙusoshin za su shiga, ba a kwalin ba. Selby yana da na'urar neman su. Kada ka hau kujera, shi zai hau. A daidaita shi sosai, in ya karkace ko kaɗan ruwan zai danne gefe guda. A sa shi kusa da soket, amma ba daidai samansa ba, kuma nesa da bututun ɗumama ɗaki. Babban abu, kada ka kafa shi a bangon da ke fuskantar taga. Hasken rana yana sa gansakuka ta rufe gilashin, sai ka wayi gari kana kallon koren bango. Bangon gefen gadonka ya fi.

In kun cika shi, akwai wani magani da ake ɗigawa don ya kashe ƙarfin ruwan famfo. Sai ka kunna matatar ruwan da hita mai ɗumama shi ka bar su suna aiki. Daga nan sai haƙuri, wajen wata guda ba kifi ko ɗaya. Wai sai ruwan ya nuna tukuna, wasu halittu da ido ba ya gani sun zauna a cikin matatar, su ne za su riƙa cinye ƙazantar kifin. In an yi gaggawa kifin mutuwa yake. Na san za ka ce ruwa ruwa ne, to wannan karon ka bar wa masu shi saninsu.

Da ka ambaci fitilar Mama sai da na ajiye takardar na ɗan fita waje. Ka san Mama ba ta taɓa cewa tana jiranka ba? Ko sau ɗaya. In yamma ta yi ba ku shigo ba, sai dai ta ce, "Verna, goge gilashin fitilar nan, ya yi baƙi." In goge, ta kunna, ta ajiye a tagar da ke kallon bakin gaɓa, ta koma kan ƙullin burodinta kamar ba komai. Sai da na girma na lura cewa burodin ranar iska ya fi na kullum tauri, don duk tsoronta a kansa take saukewa. Ina kewarta, Baba. Na san kai ka fi ni.

Ina neman hutun Kirsimeti, ba su ba ni amsa ba tukuna.

Taka,
Verna

Grand Falls
Oktoba

'Yata,

Lafiya lau nake. Ki shafa wa ƙunar nan man kitse ki bar ta ta sha iska, kada ki biye wa masu naɗe ta. Takardarki ta iso da dokoki kamar na hukumar kamun kifi, na karanta, na bi wasu.

Mun kafa. Selby ya zo da na'urarsa mai ƙara in ta ji katako. Na ce ya ajiye, ni da na gina jirage uku ba na bukatar abin wasan yara. Na bi bango ina ƙwanƙwasawa, na ce nan ne. Ya huda, ƙusa ta wuce fuu, ba komai sai iska. Na manta cewa mai ƙwanƙwasa sai da kunne. Na ga kafaɗun Selby suna rawa don dariya. Na'urar ta samo haƙarƙari uku, muka ɗaure ƙarfen a kansu, na kama na rataya da nauyina duka bai motsa ba. Ramin farkon yana ɓoye a bayan akwatin, in mai kula da gini bai tambaya ba ni ma ban gani ba.

Wajen daidaitawa mun ɗan yi musu. Ya ɗora ma'auninsa ya ce ya yi, na ce a zuba ruwa kaɗan a gani. Ruwan ya ce Selby ne da gaskiya. Sau biyu ke nan a rana ɗaya, abin ya isa.

Yanzu ki ja numfashi kafin ki karanta wannan. A bangon da ke fuskantar taga na kafa shi. Selby ya karanta mini dokarki har sau biyu da ƙarfi, na ce na ji. Kada ki tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba, na tsaya a tsakiyar ɗakin ne na ga nan ne wurinsa. In gansakuka ta fito zan kankare, ba yau na fara kankare cikin jirgi ba.

To ga ni nan zaune gaban ruwan da ba kowa a ciki. Matar da ke ɗakin sama ta leƙo ta tambaye ni ina kifin, na ce mata sun tafi coci. Amma zan gaya miki gaskiya, in an kunna fitilarsa matatar tana motsa ruwan, hasken yana rawa a rufin ɗaki, irin rawar da yake yi a rumfar kwata da safe. Jiya na zauna ina kallo har na cinye burodi da zumar rake ban sani ba. Labulen ma a buɗe yake yanzu, ki gaya wa ɗan leƙen asirinki.

Abu ɗaya ne, ruwan ba ya wari. Na sa hanci na shaƙa, ba gishiri, ba ciyawar teku, ba komai. Ban san yadda abu mai rai zai zauna a ciki ba.

Ranar Asabar Selby zai kai ni Tern Cove mu buga wa tagogi katako kafin ƙanƙara ta sauka. A ranar za mu dawo, kada ki tayar da hankalinki.

Ubanki

Grand Falls
Nuwamba

Verna,

Ina lafiya. Ban jira amsarki ba, don akwai abin da ya kamata ki ji daga bakina.

Da muka je gida, bayan mun gama da tagogi, na sauka kwata. Ruwa ya ja baya, ga 'yan kifayen nan na ƙarƙashin katako da kike kamawa kina yarinya, suna nan yadda muka bar su. Sai na ce a raina, in dai zan zauna da kifi, gara in zauna da waɗanda na sani. Na kama uku ƙanana, da wani ɗan mummuna mai ƙaton kai, irin wanda muke jefarwa in ya hau ƙugiya. Muka ciko jarkoki da ruwan gaɓarmu. Selby ya ce Verna fa ta ce kaza, na ce Verna tukunya ta sani, ni na san kifi.

Na zubar da ruwan da ya yi kwanaki yana nuna, na zuba namu. Ranar ɗakin nan ya yi warin gida, na yi barcin da rabona da irinsa tun ina can.

Ban kunna hita ba, na san na ruwan sanyi ne. Abin da ban lissafa ba shi ne ɗakin kansa. Zafin ginin nan daga ƙasa ake sako shi, ba ka da ikon rage shi. Na buɗe taga, maƙwabta suka kai ƙara. Na yi ta jefa ƙanƙara daga firiji, ta narke kafin in juya. Suka daina cin abinci, suka taru a sama suna buɗe baki. Ɗaya bayan ɗaya ukun suka mutu. Na kashe kifin da ba zai ƙirgu ba a rayuwata, ban taɓa jin kunyar ko ɗaya ba sai waɗannan.

Saura mai ƙaton kan. Yana kwance a ƙasa a kusurwa, ba ya motsi, yana dai numfashi. Na ɗauko shi da kyakkyawar niyya, na sa shi a wuri mai tsabta da ɗumi, abinci a kan lokaci, ba abin da zai cinye shi. Ban ce laifinki ba ne, 'yata, Allah ya sani. Amma in na dube shi kaina nake gani.

Gobe zan mayar da shi. Na ɗauki babbar rigar sanyina da magungunana.

Ubanki

Alberta
Ƙarshen Nuwamba

Baba,

Ban san ko lafiya kake ba, don haka ban san yadda zan gaishe ka ba. Ta hannun Selby na aiko wannan, tun da mai raba wasiƙu ya daina zuwa can.

Takardarka ta yi kwana da kwanaki a hanya. Ina ganin zancen riga da magunguna na gane nufinka. Na kira Selby, ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce kun saki kifin, ka ƙi shiga mota. Wai ka ce akwai itace, akwai abincin gwangwani, ya dawo bayan mako. Na zage shi tas, mutum da furfurarsa, sai da na ajiye wayar na ji kunya. Me zai yi, ya ɗauke ka a kafaɗa? Yanzu kuma ya ce ƙanƙara ta sauka, hanya ta toshe, sai mota mai sharewa ta bi. Na sa sukari maimakon gishiri a miyar wake jiya, mutum ɗari suka sha ba wanda ya yi magana, don sun ga idona.

Na yi fushi da kai, Baba, har yanzu ina yi. Kai ba kifi ba ne. Kifin nan ba shi da 'ya.

Kana tsammani ni ina ganin ruwa a nan? Ɗakina bai kai rabin naka ba, tagata manyan motoci take kallo, daga nan zuwa teku sai an kwana ana tafiya a jirgin sama da mota. Ni ma a gaɓar nan aka haife ni. Akwai safiyar da nake farkawa in ji kamar ƙarar ruwa a ƙarƙashin kwata, ashe injin wuta ne. Ban taɓa gaya maka ba don kada in ƙara maka nauyi. Abin da ke tsayar da ni a nan shi ne sanin cewa akwai inda zan dawo in sami wani nawa a ciki. Ba katako da tagogi nake nufi ba, kai nake nufi.

Sun ba ni hutun Kirsimeti. In ka ce a can za ka zauna, to zan ajiye aikin in zo mu zauna tare, mu ci gwangwani har bazara, don ba zan bar ka kai kaɗai ba. Ba barazana nake yi ba, abin da zan yi ke nan. Ka dai aiko mini da layi ɗaya in san kana numfashi.

'Yarka

Grand Falls
Disamba

Verna 'yata,

Ina numfashi. Dubi saman takardar ki ga daga inda nake rubutu, sannan ki zauna ki sha ruwa. Ƙugu ya sha wuya amma bai karye ba, na yi tari na kwana biyu ya wuce. Ki nemi Selby ki ba shi haƙuri, har yanzu in an ambaci sunanki sai ya dafe kunne.

Mai ƙaton kai ya tsira. Na sauke bokitin da yake ciki a hankali daga kwata, ya tsaya a bakinsa kamar bai yarda ba, sai ya buga wutsiya ya nutse ƙarƙashin katako. Ko waiwaye bai yi ba, ɗan banza. Ni kuwa da na miƙe na dubi gida, ƙafata ta ƙi zuwa wajen mota. Ba zan ɓoye miki ba, da niyyar zama na tsaya.

Na cire katakon taga ɗaya, wadda ke kallon gaɓa. Na hura wuta, na dafa kifin gishiri da dankali, na ci na ƙoshi. Da yamma ta yi na ɗauko fitilar uwarki, na goge gilashin da kaina, na kunna na ajiye a wurinta, na zauna a kujerarta. Verna, shekara arba'in ina ganin fitilar nan, amma daga kan ruwa. Ban taɓa zama a bayanta ba. Daga jirgi, haske ne kawai mai cewa ga gida. Daga kujerar nan kuwa ba ka ganin komai sai duhu da fuskarka a gilashi, kana jira. Ban san haka aikin yake da nauyi ba, kuma ba ta taɓa gaya mini ba.

Kwana na nawa ne ma, ƙanƙara na zuba, na kunna ta kamar kullum, sai na tambayi kaina wa nake kunna wa. Ba jirgi ko ɗaya a gaɓar nan, duk an ja su tudu ko an sayar. Ba wanda zai shigo ta wannan bakin ruwa har abada. Da mota mai share hanya ta buɗe, Selby ya iso da takardarki, na karanta a tsaye. Na kai wajen injin wutar nan da kike ji kamar ruwa, sai na kasa ci gaba. Mutum ɗaya gare ni a waje, kuma ba ta teku za ta dawo ba. Jirgin sama zai sauke ta a Gander, bas ya kawo ta Grand Falls, ta sauka a wajen ajiye motocin nan da nake zagi. Na ce wa Selby ya mayar da katakon tagar, na shiga mota kafin ya gama.

Aikinki kuma ki riƙe shi. Ba a barin kamu a tsakiya don na tudu ya yi rigima.

Akwatin na wanke shi sau uku har gishirin ya fita, na koma shagon da hulata a hannu. Matar ta saurari labarin duka, ba ta ce ai na gaya maka ba, sai ta matso mini ɗan ruwan tsohuwar matatarta a kwalba, wai zai sa nawa ya nuna da wuri. Na kawo duwatsu daga gaɓarmu, ta ce in dafa su, in cire masu ɓawo. Na dafa duwatsu a tukunya, 'yata, da hankalina. Wannan karon na jira har ta gwada ruwan ta ce ya yi.

Yanzu akwai biyar a ciki, masu wutsiyar maficin nan. A akwati aka haife su, ɗumi suke so, ba su san akwai wata teku ba balle su yi kewarta. Abincinsu ɗan abin da yatsa biyu suka tsinko ne, na fi shan wuya wajen hana hannuna ƙari. Akwai wata mai ƙiba da ke korar kowa daga wajen ci, na sa mata sunan matar fasto ta da, kin san wadda nake nufi. Matar shagon ta ce ciki ne da ita, wai haihuwa suke yi ba ƙwai ba. Sai na gani da idona.

Gansakuka ta fito, kamar yadda kika ce. Kowace safiya ina kankarewa, ba na ƙorafi. Fitilar uwarki na taho da ita, tana kan kabad ba kananzir, mai kula da gini ya zo ya shinshina ta ya tafi. Kin ce kada in kafa akwatin yana kallon taga, na ce miki ban san dalili ba. Shekaranjiya da magariba na dogara sandata na fita har inda bas yake tsayawa, na juyo. Duk tagogin ginin nan iri ɗaya ne, labule da hasken talabijin, sai guda ɗaya a hawan ƙasa mai wani haske kore-kore yana rawa. Ana ganinsa tun daga bakin titi.

Ke ce a kan ruwa yanzu, ni ne a tudu. Ban iya ba tukuna, amma ina koyo, har burodi na gwada ƙullawa ya fito kamar dutse.

Bas ɗin Gander da yamma yake isowa, duhu ya riga ya yi. In kin sauka ki dubi hagu, ki bi koren hasken. Kada ki ɓata hannunki da ƙwanƙwasa ƙofa, ba ji zan yi ba. A buɗe take, kuma ina bakin taga.

Ubanki,
Hedley